Riga Mai Ƙyalli a Waƙar Kuka

Tun ina da gashi a tsakiyar kai nake ɗaukar waƙoƙin fim, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa ɗan Adam ko ɗaya kuka ba. Rawa kam na ɗauka har ta ishe ni. A jera 'yan mata a dama, samari a hagu, a kunna duk fitilar da Allah ya hore, a ce mini, "Baba Kyamara, ka tabbata kowa ya fito fes." Sai kowa ya fito fes, kamar an jera kwanuka a shago. Ba inuwa, ba duhu, ba inda ido zai huta. Ko matata, wadda tela ce, ba ta kallon finafinaina sai don ta ga yankan hannun riga. Da ta gama ƙare wa ɗinkin kallo sai barci.

Shi ya sa ranar da ɗan ƙanwata, wanda yanzu darakta ne har da baƙin tabarau a cikin ɗaki, ya ce mini akwai waƙar baƙin ciki a sabon fim ɗinsa, sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna.

"Mace ɗaya, ɗaki ɗaya, Kawu," in ji shi. "Mijinta ya yi tafiya, ta gyara gida tana jira, aka kawo mata labarin ya rasu a hanya. Ba 'yan rawa. Na bar maka, ka yi yadda kake so." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Sai dai in ba ta fito ba, furodusa ya ce a mayar da ita rawa. Akwai wasu samari masu kyamara mai tashi sama, su za su ɗauka."

Wato da hannu ɗaya aka shimfiɗa mini tabarma, da ɗayan aka nuna mini ƙofa.

Ban damu ba. Waƙar nan na daɗe da ɗaukar ta a cikin kaina. Baƙin ciki ba ya son haske ta ko'ina, ta gefe ɗaya yake so, rabin fuska a fili, rabi a ɓoye, don mai kallo ya cike sauran da nasa ciwon. Ba ya son kyamara mai rawar kai, so yake ta matso a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Kuma ba ya son tufa mai surutu. Na ce wa darakta riga toka-toka, mara ado, wadda za ta sha haske ta yi shiru. Na zaga gari na samo wani tsohon gida mai ɗaki da taga tana kallon yamma. Da la'asar rana na shigowa ta tagar ta kwanta a bango kamar zuma, kafin ta faɗa bayan dogon benen da ke tsallaken titi. Mai gidan ya ba mu aron yini guda, don washegari masu fenti za su shigo.

Ɗinkin kayan fim ɗin kuwa matata aka ba, ni na sa baki. Ita tana da tsarinta: ba ta taɓa almakashi sai ta ji waƙar. Za ta kunna ta, ta lumshe ido, ta ce launi kaza waƙar nan take nema, sannan ta tafi kasuwa. To lokacin mawaƙiya ba ta kai ga ɗora murya ba, sai darakta ya tura mata kiɗan zalla. Mai kiɗanmu kuwa bawan Allah ne da bai san sannu ba. Ko ta'aziyya aka ce ya buga, sai ka ga ƙafar mutane na motsi.

Za a ce me ya hana ni gaya mata, tunda rufi ɗaya ya rufe mu? A gidanmu akwai doka: ba a maganar aiki. Ni na kafa ta da bakina, tun ranar da ina tsakiyar cin abinci ta ce hotona ya mayar mata da shuɗin yadi kore. Don haka na yi makonni ina jin kiɗan nan ta bango, ina jin keken ɗinki na bin sa, ina kaɗa ƙafa, ina cewa a raina toka-toka na nan tafe.

Ranar ɗauka muka share ɗakin tun hantsi. Na sa aka fitar da komai sai gado, kujera da ƙusa guda a bango kusa da taga. Mai fitilarmu, wanda muke kira Ɗauke-Wuta saboda ba unguwar da muka shiga bai jefa ta a duhu ba, ya shigo da fitilu niƙi-niƙi. Sa'ana ne, tare muka tsufa a sana'ar.

"Mayar da su mota," na ce. "Yau rana ce fitila."

"To ni me zan yi? In riƙe maka carbi?"

"Ka riƙe farin allon can, ka mayar mata da ɗan haske a kumatu. Kaɗan fa."

"Shekara da shekaru ina haska manyan jarumai, yau na koma mai riƙe allo kamar ɗan makaranta. Allah ya isa tsakanina da fasaha."

Bayan azahar jaruma ta iso, yarinya mai natsuwa wadda ta haddace waƙar tsaf. Ta shiga ɗakin gefe da jakar da matata ta aiko. Ina duƙe ina gyara ƙafar kyamara na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗago.

Jaruma ce ta fito sanye da rigar. Rawaya ce. Ba rawayar kunya ba, irin wadda ake hangowa daga wata unguwa. Daga wuya har ƙasa an jera mata duwatsu masu ƙyalli, hannuwa kamar fukafukai, ga wani ado a ƙirji da ya yi kama da fitowar rana. Ɗinki dai ya ɗinku, wannan ko maƙiyi ya shaida. Amma macen da ke cikin rigar nan ba ta yi kama da wadda mijinta ya mutu ba. Ta fi kama da wadda ta gaje shi.

"Baba, ta yi?" in ji jaruma, tana juyawa.

Na juya wajen darakta. "Ina toka-tokar?"

"Kawu, ai na ɗauka ka gaya mata."

"Ni na ce maka ka gaya mata."

"To ai gida ɗaya kuke kwana!"

Ɗauke-Wuta ya jingina allo da bango ya zauna a ƙasa don ya ji daɗin dariya.

Na ce a gwada, ko Allah zai sa. Aka kunna lasifika, don mu a wajen ɗauka waƙa ake sakawa, jaruma ta bi da baki. Murya ta fito a kan kiɗan nan mai sauri: "Na share ɗaki, na buɗe taga, hanya ta dawo da kowa ban da kai." Jaruma ta sunkuyar da kai, ta ba da fuska iya fuska. Ina leƙawa ta kyamara, ba na ganin fuskar. Riga nake gani. Duk numfashin da ta ja, sai duwatsun ƙirjin su yi mini fari da ido.

Na ce a ja labule rabi, a rage haske. Abin ya ƙara lalacewa. Ɗaki ya yi duhu, fuska ta ɓace, riga ta rage ita kaɗai tana walƙiya kamar motar 'yan kwana-kwana. Na ce ta juya ta ciki-bai. Ta dawo da zare na reto ko'ina da wani jan shafi a ciki, kamar an feɗe ta. Na ce to ta sa kayan da ta zo da su. Ashe wando ne da riga mai hoton kyanwa.

"Kawu," in ji darakta, yana kallon tagar, "ka ga rigar nan da kiɗan nan sun dace da juna. Da a ce an kawo 'yan mata ko shida a bayanta..."

"Ka ƙarasa, in kira uwarka a waya."

Sai na ga hannunsa ya shiga aljihu wajen waya. Na san lambar waɗanda yake lalube.

Na ce a kawo almakashi. Niyyata in cire duwatsun ƙirjin da na wuya, in ɗauke ta daga kafaɗa zuwa sama. Jaruma ta mayar da rigar daidai, ta tsaya, na kama dutsen farko ke nan na ji sallama a bakin ƙofa. Muryar da na fi sani a duniya.

Matata ce, da mayafinta ruwan ƙasa da 'yar jakar allura, ta zo ganin ko rigar na bukatar ragi. Ta dubi almakashin, ta dubi hannuna, ta dube ni.

"Malam, me kake yi?"

"Gyara ne kaɗan, Maman yara."

"Gyara. Kai da maɓallin rigarka in ya cire sai ka yi mako kana yawo da ƙirji a buɗe. Ajiye."

Na ajiye. A gaban ma'aikata, a gaban ɗan ƙanwata, na ajiye.

"Anti, waƙar ce ta kuka," in ji darakta daga nesa, inda hannu ba zai kai ba.

"Wace waƙar? Wadda na yi ta ji har maƙwabta suka fara rawa?"

Aka kunna mata. Ta tsaya ta ji baitin farko, ta ji na biyu. Na ga fuskarta ta sauya, na ce alhamdulillahi, ta gane, yanzu za ta ce a kawo wani yadi. Sai ta juyo kaina.

"Ka san haka waƙar take?"

"Na sani."

"Kana ji ina kunna kiɗan safe da yamma. Kana wucewa ta ƙofar ɗakin ɗinki. Har shayi na miƙo maka da dutse manne a hannuna, ka cire ka ce mene ne wannan, ka yar. Ba ka iya buɗe baki ka ce mijin ya mutu ba?"

"Ai akwai doka..."

"Dokar wa?"

Ɗauke-Wuta ya ce, "Baba Kyamara, amsa mana, jama'a na jira."

"Kai kuma rufe mana baki, mai allo," na ce masa.

"Duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya na ɗinka su da hannu," in ji ta, "har idona ya fara ganin biyu-biyu. Wallahi ba mai sa musu almakashi. In ba ku so, ku ba ni abata in tafi."

Muka shiga. Ni ina cewa hoto, ita tana cewa ɗinki. Na ce rigar na ihu, ta ce ai gara mai ihu da mai gum da baki. Darakta ya fita baranda da waya a kunne, na ji yana cewa, "Ku nawa ne a kusa? Da kayan rawar?" Rana kuwa ba ta tsaya sauraron shari'armu ba. Ta riga ta shigo taga ta fara hawa bango, ba abin da ya rage tsakaninta da benen can sai kamar tsawon hannu.

Jaruma dai ta gaji. Rigar na da nauyi, ɗakin ba iska. Ba wanda ya lura ta fita. Ta dawo ta rataye rigar a ƙusar nan ta kusa da taga don kada ta yamutse, ta ce, "Mama, ara mini mayafinki in rufa kafin ku gama." Matata ta zare ta miƙa mata ba tare da ta daina yi mini bayanin halina ba, ta ja ɗankwali ta gyara. Yarinya ta lulluɓa, ta zauna a bakin gado, ta zabga tagumi. Tagumin gaske, na wadda ta tabbata yininta ya tafi a banza.

Ina tsakiyar cewa "ke ba ki san aikin kyamara ba" sai maganar ta maƙale.

Rana ta sami rigar a rataye. Kowane dutse ya ɗauki ɗigon haske ya jefa cikin ɗakin, a bango, a rufi, a kan shimfiɗar gado. Wasu suka sauka a kan mayafin, ɗaya ya zauna daidai ƙarƙashin idonta. Ga mace cikin ruwan ƙasa a inuwa, ga rigar murna a rataye ba kowa a ciki. Ko ba a gaya maka ba ka san don wa aka ɗinka ta, ka kuma san ba zai gani ba.

"Kada ki motsa," na ce. "Don girman Allah kada ki motsa. Kai, darakta! Ajiye wayar nan ka zo ka kunna waƙa."

Ya leƙo. "Kawu, ai a labarin babu wata riga."

"Yanzu akwai. Ta ɗinka don ta tare shi."

"Wa ya rubuta?"

"Antinka. Kunna!"

Na cire kyamara daga ƙafarta na faɗa kan kujerar ofis mai taya da muke yawo da ita, don ita ce abin tura kyamararmu tun da na gaskiyar ya karye. Sai ga matsala. Ɗauke-Wuta na riƙe da allo. Darakta na riƙe da lasifika, wadda wayarta ba ta aiki sai an danne da yatsa. Sauran ma'aikata sun bi direba neman abinci tun da suka ga faɗan ba mai ƙarewa ba ne. Ba mai tura ni.

Na waiga. Matata ta naɗe hannu a ƙirji.

"Maman yara."

"Ba a maganar aiki."

"A gida na ce. Nan ba gida ba ne. Ki taimaka."

Ta ajiye jakar allura, ta kama bayan kujerar. Darakta ya ce, "Akshin!" Ta ingiza ni kamar mai tura motar da ta mutu a tsakiyar titi. Kafin mawaƙiya ta gama share ɗaki na isa gado, gwiwata ta daki katako, na ɗauki hoton hancin jaruma daga ciki.

"A hankali, baiwar Allah! Kamar mai zuwa gaisuwa!"

"Shekara nawa ina tura ka ba ka motsi, yau ka ce na yi sauri?"

"Baba Kyamara, rana fa," in ji Ɗauke-Wuta. A karon farko a ranar ba dariya a muryarsa. Gefen hasken ya fara cinyewa daga ƙasa.

Aka ja ni baya, aka sake. Wannan karon ta tura ni kamar tana zura zare a allura. Kujera na ƙara ƙiiƙii, ban damu ba, ai waƙa za a ɗora a kai. Na fara daga rigar, ta cika hoton da rawaya, na zame a hankali na bi ɗigon hasken a bango har na sauko kan mayafi. Jaruma ta fara bin waƙar da leɓe kawai. Sai na ga ɗigon sun tsaya cik kamar an zana su.

"A motsa rigar," na ce ta gefen baki.

Ɗauke-Wuta, ba tare da ya saki allo ba, ya miƙa wuya ya shiga hura rigar da baki. Dattijo mai jikoki, kumatu a kumbure, yana hura riga kamar mai hura wuta. Ɗigon suka fara yawo a hankali a kan fuskarta. Kiɗan nan mai sauri da na tsana, sai ya koma kamar hayaniyar duniya da ke ci gaba a waje ba ruwanta da mai makoki. Muna isa baitin ƙarshe rana ta taɓa benen. Hasken ya fara mutuwa ɗigo bayan ɗigo, na rufi, na bango, na gado. Na ƙarshe shi ne na ƙarƙashin idonta. Da ya ɗauke, ɗakin ya koma toka-toka, launin da na roƙa tun farko.

Darakta ya manta bai ce a yanke ba, sai da waƙa ta ƙare don kanta. A lokacin ne muka ji hon a waje, ga 'yan mata cike da mota da kayan rawa. Ya fita ya sallame su. Ni kuwa sai da mutum biyu suka ɗaga ni daga kujerar, don bayana ya riƙe.

Da aka gama tacewa, darakta ya kawo mana waƙar gida mu gani. Kafin ya kunna ya gaya mini furodusa ya yaba ƙwarai, ya ce tunanin rataye rigar nan tunani ne na babban darakta, shi kuma bai ga dalilin musa wa babba ba. Na ce Allah ya ƙara basira. Samarin kyamara mai tashi sama dai an ce su jira wani fim ɗin.

Muka zauna a falo, ya kunna. Ban kalli talabijin ba, na san abin da ke ciki. Matata nake kallo ta wutsiyar ido. Ta gyara zama irin na mai duba ɗinki. Riga ta fito, ta gyaɗa kai. Kyamara ta bar rigar, na jira hamma. Ba ta zo ba. Wajen baitin ƙarshe na ga ta kama bakin mayafin nan ruwan ƙasa ta kai ido. Ta goge, ta sake gogewa.

Na yi gyaran murya. "Maman yara, kuka kike yi?"

"Wa ya ce?"

"Na ga kina share ido."

"To ba dole ba? Duk aikin da na zuba a bayan rigar nan, ka manna ta da bango. Ko sau ɗaya ba ka nuna bayan ba." Ta ja hanci. "Mayar da shi farko."

Darakta ya mayar. Ta sake kallo har ƙarshe, ta sake jiƙa mayafi, a daidai wurin da babu riga a hoton ko kaɗan. Na bar ta a kan zancen rigarta. Mutum ya san inda zai tsaya.

Doka kuwa ta faɗi a ranar, ba a ko nemi shawarata ba. Yanzu ba na kai loma baki sai an tambaye ni waƙar gobe ta mece ce, wa ya mutu, wa ya rayu, taga ina take kallo. Jiya ina cin abinci ta ajiye cokali ta ce, af, dama tana so mu koma kan maganar shuɗin yadin nan da na mayar mata kore.